Muryar Yaya Attahiru Daga Fadamar Zauro

Bana ma Gulbi ya fara ja. Shekaranjiya da na leƙa bakin fadama na ga ruwan ya yi kauri kamar kunun kanwa, yana tafe da ciyawa da karan gonakin mutanen da ba mu sani ba. Kafin in koma shago saƙon gargaɗi ya shigo wayata, wai masu gona a fadama su kwashe injinansu. Yanzu haka ake yi, ruwa na can nesa labarinsa ya riga shi isowa. A shekarar da zan ba da labarinta, shekara goma sha wani abu ke nan, ba abin da ya riga ruwa isowa.

Ni Murtala gyaran waya da rediyo nake yi a unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi, gidana kuma yana unguwar Badariya. Yayana Attahiru manomin shinkafa ne a Zauro. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon sana'a, shi ya yi mini aure. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya faɗi abu sau ɗaya ya gama. Har na yi gemu ban daina gyara zama ba in ya shigo wuri.

Shagon da ke kallon nawa na Oga Obi ne, ɗan kasuwa daga kudu da ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta koma irin tamu. A bazarar shekarar ya yi odar kwali guda na wasu 'yan na'urori masu tsawon yatsa, waɗanda ake soka wa kwamfuta don kallon talabijin. Da suka iso ko tasha ɗaya ba su kama ba. Wata rana ya tsallako titi ya jefa mini guda a kan tebur.

Ya ce, "Mai gyara, duba ko akwai abin cirewa a ciki. Ni dai na yi asara."

Ban fasa ta ba, sai na bincika sunanta a intanet. Nan na tarar wasu mutane a ƙasashen waje sun gano cewa wannan 'yar aba, in aka haɗa ta da wata manhaja ta kyauta, tana komawa rediyon da ya fi duk wanda na taɓa kwancewa faɗin kunne. Rediyon gida tashoshin da aka ƙayyade masa kawai yake kamawa. Ita kuwa kwamfuta ce ke gaya mata inda za ta saurara, kuma kusan duk abin da ke yawo a iska tana iya jiyo shi.

Ranar da manhajar ta tashi a tsohuwar laftof ɗina, allon ya cika da shuɗi, ga wasu zare-zare masu ruwan ɗorawa suna gangarowa kamar ruwan indararo. Kowane zare magana ce ko kiɗa ko wani saƙo. Na ɗora alama a kan mafi kauri, sai ga gidan rediyon jiha tar. Wannan bai burge ni ba. 'Yar eriyar da ta zo da na'urar ba ta da amfani, don haka na sayo sandunan walda biyu na tagulla, na buɗe su kamar ƙahon sa, na ɗaure a kan gora, na kafa bisa tankin ruwa a rufin gidana. Da yammacin ranar ina laluben allon, wani siririn zare ya bayyana ya ɓace. Na tsaya a kansa. Da ya dawo sai na ji muryar namiji yana Turanci a natse, yana faɗin tsayin da yake. Matuƙin jirgin sama ne. Na fito tsakar gida na ɗaga kai, ba komai a sama sai shaho. Matata Luba tana tankaɗe ta ce, "Lafiya?" Na koma ɗaki da sauri wurin allon.

Daga nan abin ya shiga jinina. Na koyi cewa na'urar tana zafi kamar dutsen guga in ta daɗe, sai na riƙa ɗora ta a kan murfin langa. Na koyi cewa in an ɗauke wuta ta fi ji, in kuwa maƙwabci ya tada janareta allon gaba ɗaya sai ya rikice. Na koyi lokutan da tauraron ɗan Adam mai duba yanayi ke wucewa ta kanmu, yana wani ƙara kamar agogon bango. Wata manhajar ke mayar da ƙaran ya zama hoto, layi bayan layi. Ranar da hoton farko ya fito, na ga bakin teku, na ga tafkin Cadi kamar ɗigon tawada, na ga gajimare kwance bisa ƙasashe kamar auduga a shanya. Daga ɗakina, da sandunan walda.

Yaya Attahiru ya shigo gari sayen taki, ya biyo ta gidana. Na nuna masa hoton. Ya duba, ya duba ni.

"Shina kama labaran yamma?"

Na ce, "A'a Yaya, ba ta kama gajeren zango sai an yi mata ƙari."

"To mi shika yi?"

Don in fita kunya sai na juya zuwa wani wuri a allon da na gano kwanaki. Manoman Zauro sun sayi oba-oba, 'yar rediyon hannu da ake magana da juna da ita, a wurin Oga Obi saboda ɓarayin injin ban ruwa, ɗaya a gona, ɗaya a gida. Muka ji wani yana cewa a aiko masa da igiya da hura. Yaya ya gane mai maganar. Ya ce, "Ashe a kasuwa muka zance ba mu sani ba." Ya ɗauki hularsa ya tafi. Bai ƙara tada maganar ba.

Damina ta makara a shekarar. Da ruwan shuka ya sauka aka yi ta murna, aka dasa shinkafa, aka shuka gero a tudu. Sai sama ta ɗauke. Azumi ya kama a cikin wannan fari, ga zafi mai ɗanko irin na tsakiyar damina, wanda riga ke manne wa baya tun hantsi. Gero ya murɗe ganye. A fadama ƙasa ta tsattsage, injina suna ta kuka dare da rana suna jan abin da ya rage a Gulbi. Aka fita roƙon ruwa, tsofaffi suna kuka a fili. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa, mata su kwashe shanya, sai ya watse. A sha ruwa da kunun tsamiya da ɗan ƙosai, ba mai iya cin tuwo sai an yi asham.

Ni kuma kullum hotona na nuna abu guda. Can gabas da arewa maso gabas, inda Gulbi ke fitowa, gajimare ne fari fat a dunƙule, yau yana nan, gobe yana nan. Mu nan wurinmu baƙi wuluk, alamar ba ko gajimare. Na nuna wa Oga Obi, ya ce, "Su can suna sha, mu muna kallo." Muka yi dariya. Ba ni ba shi, ba wanda ya kawo a ransa cewa ruwan da ke zuba can hanyarsa guda ce.

A goman tsakiya Gulbi ya fara tasowa a hankali, manoma suka ji daɗi, aka huta da sayen mai. Sai wata safiya, rana tana haske, ko ɗigo bai sauka ba, labari ya shigo gari cewa ruwa ya shiga Zauro. Na kira wayar Yaya, ba ta shiga. Na kira matarsa Hajo, ba ta shiga. Aka ce sabis ya ɗauke a duk yankin. Wani ɗan acaɓa da ya fito daga can ya ce mutanen unguwarsu Yaya sun koma makarantar firamare da ke kan tudu, kuma ya ji an ce Attahiru ya shigo Birni tun asuba. Hankalina ya ɗan kwanta. Na koma gida in jira shi.

Ba wuta. Na buɗe laftof don in rage zaman jira, na juya wurin oba-obar manoma ko zan ji yadda ake ciki. Shiru, sai shuuu. Har zan rufe sai zare ya fito, siriri, yana rawa.

"Hajo. Hajo, kina ji na? Ku aiko da jirgi."

Na san muryar kafin ya gama kalmar farko. Na miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Muna tudun kanya, ni da Baba Dikko. Ruwa ya kewaye mu. Mun zo ɗaukar inji, hanya ta yanke. Wagga aba ta faɗa ruwa, ba ta ƙara, ban sani ba ko ana ji na."

Baba Dikko maƙwabcin gonarsa ne, dattijo mai fara'a, wanda kullum in na je yake cika mini aljihu da goriba kamar har yanzu yaro ne ni. Na kama laftof da hannu biyu na ce, "Yaya! Yaya, ga ni!" Luba ta shigo da gudu. Ina ta kira kamar mahaukaci, alhali na fi kowa sanin na'urar ji kawai take yi, ba ta aika magana.

Zaren ya ɓace. Ya dawo. Yaya ya sake kiran Hajo, ya kira wasu manoma da sunayensu, ba amsa. Daga baya muka ji cewa oba-obar gida tana can ƙarƙashin ruwa tare da gadonsu, sauran manoma kuma kowa na fama da iyalinsa. Sai Yaya ya ce da wata irin murya, kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa:

"Murtala. In abin wasan nan naka shina ji, to ka ji."

Na aika Luba ta kira Oga Obi. Ya zo a kan babur ko takalmi bai sa daidai ba, da oba-oba guda da ta rage masa a shago. Muka hau rufi, kwano na ƙona ƙafa, ya daidaita ta, na yi ta kira har muryata ta dushe. Ba alamar Yaya ya ji. Lasifikar oba-obarsa ta mutu. Oga Obi ya tafi ofishin agaji, ya dawo ya ce duk jiragensu suna ƙauyuka ana kwasar mata da yara, sun rubuta, za su je in sun samu sarari. Kwale-kwalen Zauro kuwa na sanda ne, ba mai iya ratsa ƙarfin ruwan da su.

Sai na tuna da Kawu Manu, ƙanin mahaifiyarmu, masunci a Argungu, mai jirgin inji. Argungu tana sama da mu, ruwan daga wajensu yake gangarowa. Na kira shi, Allah ya sa ta shiga.

Ya ce, "Wane tudun kanya? Ɗana, fadama duk ta zama teku. Kanya nawa ag ga tsakanin nan da Zauro?"

Na ce, "Kawu ku taso dai, zan riƙa gaya muku abin da ya ce."

"Kai kana magana da shi?"

"Ina jin sa. Shi ba ya ji na."

Sai na ji yana ƙwala wa 'ya'yansa kira su kawo mai.

Batirin laftof ya fara ja. Oga Obi ya tada ɗan janaretana, nan take allon ya cika da ƙazanta, muryar Yaya ta nutse a ciki. Na yi tsawa ya kashe. Ya hau babur ya je ya ciro batirin motarsa ya ɗauko, da 'yar na'urar da ke mayar da shi wutar gida. Da haka muka ci gaba. Shi ba azumi yake ba, amma ranar ban ga ya sa ko ruwa a bakinsa ba.

Yaya yana magana kaɗan ya saki, don tattalin caji. Ya ce tudun ya rage kamar faɗin masallacin unguwa. Ya ce yana hango dogon ƙarfen sabis a kudu da su. Ya ce akwai rusasshen ɗakin inji na jan bulo a gefen kanyar. Ya ce ya ɗaura farin buhun taki a kan gora ya kafa. Duk abin da ya faɗa sai in kira Kawu in maimaita, ina jin ƙarar injinsu da ihun ruwa. Bayan azahar wayar Kawu ta daina shiga. Sun shigo inda ba sabis. Daga nan ba abin da ya rage mini sai saurare. Na danna wurin ɗaukar sauti, don kada wata kalma ta wuce ni.

Zafin ɗakin ya yi yawa, harshena ya bushe ya manne. Luba na zaune a bakin ƙofa da carbi. Sai zaren ya fito, muryar Yaya a sama, abin da ban taɓa ji ba.

"Maciji ya sari Baba Dikko. Macizai sun cika tudun, ruwa ya koro su. A ƙafa. Na ɗaure. Murtala, in kana ji, a yi sauri."

Oga Obi ya dafe kai ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Ina kallon zaren nan mai ruwan ɗorawa, ina ganin duk numfashin da Yaya ya ja yana kumbura a allon.

Can ya ce, "Baba na son magana." Aka yi ƙugi-ƙugi, sai muryar tsohon, a hankali, kamar mai jin barci. Ya yi sallama kamar ya shigo zaure. Ya ce a gaya wa iyalinsa ya yafe wa kowa, shi ma a yafe masa. Ya ce akuyar da ke ɗaure bayan ɗaki a kwance ta kada ruwa ya ci ta. Na ji Yaya na cewa, "Baba ka sha ruwa, lalura ta, Allah ya yarda." Tsohon ya ce, "Rana ta faɗi?" Yaya ya ce, "Da saura." Ya ce, "To bari dai." Ya yi kalmar shahada, ya maimaita. Zaren ya ɓace.

Aka kira la'asar a masallacin unguwa. Na yi salla a gaban tebur, ban san abin da na karanta ba. Ina sallamewa muryar ta dawo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Dikko ya cika."

Luba ta fashe da kuka. Bayan wannan Yaya ya daina ba da kwatance. Ya ce, "Ba mai ji na. Na sani ba mai ji na." Amma bai saki maɓallin ba. Ya ce ruwa ya iso gindin kanya, ya jawo gawar ya jingina da bulo, kuma ba zai hau itacen ya bar ta ba. Ya roƙi Allah gafara. Sai na ji wani sauti da na ɗauka iska ce ke kaɗa na'urar. Kuka ne. Yaya Attahiru, wanda ya binne mahaifinmu da mahaifiyarmu idonsa a bushe, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ni kuma ina zaune a Badariya ina ji.

A cikin kukan ya ce, "Rabi'atu. Rabi'atu, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Rabi'atu ce 'yarsa ta fari, lokacin tana makarantar koyon aikin jinya. Yaya mai kunyar ɗan fari ne irin na mutanen da. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa furta shi ba. "Ke" yake ce mata, in kuma ba ta nan ya ce "yarinyar nan". Ko gaishe shi ta yi, gefe yake kallo ya amsa. Ya kira sunan, ya sake kira, yana faɗin ranar da aka haife ta ana girbi, da yadda ya tsaya bayan katanga yana leƙenta don kada a gan shi.

Na sunkuyar da kai. Oga Obi ya tashi a hankali ya bar ɗakin.

Rana ta yi ja, hasken ya shigo ta taga ya kwanta a kan allon. Zaren ya ƙara sirancewa, cajinsa na ƙarewa. Sai na ji wani gurnani a bayan muryarsa, yana zuwa yana komawa. Na ƙara sauti har ƙarshe. Inji ne. Sai Yaya ya ce, da muryarsa ta kullum, kamar ba shi ne ya yi kuka ba, "Ga jirgi nan." Daga nesa na ji an ƙwala, "Attahiru!" Muryar Kawu Manu ce. Zaren ya ɗauke, bai sake dawowa ba.

Ana kiran magariba Luba ta miƙo mini dabino. Na karɓa na buɗe baki.

Kawu ya ce farin buhun ne ya cece su, sun wuce wurin sun dawo kafin ɗansa ya hango shi ta tsakanin rassa. Ruwa ya kai wa Yaya gwiwa, yana tsaye ya rungume gawar a kafaɗa. Aka yi jana'izar Baba Dikko washegari a maƙabartar kan tudu, ƙasa na manne wa fartanya.

A ranar ne kuma sama ta buɗe. Ruwan da aka yi ta roƙo ya sauka bisa ruwan da ba a roƙa ba, ya yi ta zuba har ƙarshen azumi. Shinkafar Yaya, wadda ta fara ɗaukar ciki, ta kwana ƙarƙashin ruwa har ta ruɓe. In iska ta kaɗo daga fadama wari ne kamar na tsohuwar rijiya. Gidansa na ƙasa ya zauna. Ya kwaso Hajo da yara suka dawo wurina, ɗaki biyu da rumfa. Maza muna kwana a rumfa, sauro na cin mu, tabarma ba ta bushewa. Itace ya jiƙe, Luba da Hajo suna hura wuta da hawaye tun la'asar kafin kunu ya nuna. Hatsi ya yi wuya a kasuwa. Abin da ya yi yawa kifi ne, Kawu Manu na aiko mana da shi a kwando daga Argungu, har yara suka fara kawar da kai in sun ga tarwaɗa. Sahur sau da yawa garin rogo ne da ƙuli. Oga Obi ya aiko da buhun masara rabi, ya ce wai ya tsaya masa a shago yana tare hanya. Sallar shekarar ba wanda ya ɗinka sabo a gidan.

Duk tsawon wannan zama, Yaya bai ce mini komai ba game da ranar. Ni ma ban ce ba. Da safe zai tafi Zauro a yi gayyar kwashe laka da tada katanga, gida bayan gida, ya dawo da yamma ƙafafunsa sun yi fari sun tsage. Wani lokaci in na hau rufi gyara eriya sai in ga yana kallona daga ƙasa, in mun haɗa ido ya juya.

Bayan salla da 'yan kwanaki babban ɗan Baba Dikko, Malam Ladan, ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya zauna a rumfa, aka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "An ce mini akwai muryar tsoho a wurinka."

Na dubi Yaya. Ya ce, "Ɗauko."

Na kawo laftof na ajiye a kan tabarma. Mata suka taru a bakin ƙofar ɗaki, har da Rabi'atu da ta zo hutun salla. Na nemo wurin na kunna. Shuuu ɗin ya cika rumfar, sai sallamar Baba Dikko. Malam Ladan ya amsa sallamar da ƙarfi kafin ya ankara. Ya ji yafiyar, ya ji zancen akuya, ya yi wata 'yar dariya hawaye na zuba, ya ce, "Mun kwance ta, Baba." Da aka zo wurin "Rana ta faɗi?" ya rufe fuska da babbar rigarsa. Ya ji shahadar. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Abin da nika son ji ke nan."

Ni hankalina na kan Malam Ladan, ban lura sautin ya ci gaba ba. Manhajar ba ta ɗaukar shiru, magana kawai take haɗawa, don haka nan da nan sai ga "Ba mai ji na." Na kai hannu da sauri zan tsayar. Yaya ya riƙe mini wuyan hannu. Bai dube ni ba, idonsa na kan tabarma, amma riƙon ya yi ƙarfi har na ji zafi.

Kukan ya fito. Ba wanda ya motsa. Hajo ta toshe baki da gefen zane. Sai sunan ya fito, sau ɗaya, sau biyu, da zancen girbi da leƙen bayan katanga. Na saci kallon Rabi'atu. Tana tsaye da tiren kofuna a hannu, bakinta a buɗe.

Da aka zo "Ga jirgi nan" Yaya ya sake ni. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce wa Malam Ladan, "Mu tai masallaci, lokaci ya yi." Alhali da sauran lokaci. Suka fita. Ya bi ta gaban 'yarsa, kansa a gefe kamar kullum.

Rabi'atu ta ajiye tiren a ƙasa. Ta zo ta durƙusa a gaban laftof ɗin, ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, murya can ƙasa, "Bappa, mayar mini da shi baya kaɗan."

Na mayar.